Shekara biyar fayil ɗin Najeriya na kwance a Kotun Duniya: wa ya ɗaure mata hannu?

1/ Zare ne mai tsawo, ku yi haƙuri. Duk ranar da aka yi kisa a Arewa, mutanen dandalin nan kashi biyu suke rabuwa. Wasu su kama kiran sunan ICC kamar motar ɗaukar marasa lafiya. Wasu su ce kotun Turawa ce, mu fita kawai yadda Nijar ta yi. Da ku duka nake yau.

2/ Ni ɗan Lafagu ne, ƙaramar hukumar Bagudo. Daga Tsamiya in ka tsallaka kana Segbana, ƙasar Benin. In ka bi ta Kamba kana Nijar. Ƙasashe uku, ɗan bindiga na ratsa su a kan babur cikin dare ɗaya. Don haka tambayar wa zai hukunta shi, a wajenmu maganar kwana da tashi ce.

3/ Mu fara da tushe. Kotun tana birnin Hague a ƙasar Holan. An amince da Yarjejeniyar Roma da ta kafa ta a 1998, ta fara aiki 1 ga Yulin 2002. Laifi huɗu take saurare: kisan ƙare dangi, cin zarafin bil'adama, laifukan yaƙi, da afka wa wata ƙasa da yaƙi. Najeriya ta shiga a Satumban 2001.

4/ Ga abin da yawancinmu ba mu riƙe ba. Kotun nan ba ta shiga magana sai in ƙasar da abin ya faru ta ƙi yin shari'a ko ta gaza. Kuma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Sammaci kawai take rubutawa. Kamu aikin gwamnatoci ne. In sun ƙi, takarda ce a cikin durowa.

5/ Yanzu Najeriya. Ofishin mai gabatar da ƙara ya sanar da fara nazarin share fage a kanmu a Nuwamban 2010. Shekara goma ana abu ɗaya. Ranar 11 ga Disamban 2020 Fatou Bensouda, 'yar Gambiya, ta ce an kammala: akwai hujjar cewa an aikata laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama, kuma sharuɗɗan buɗe bincike sun cika.

6/ Ta lissafa na Boko Haram: kisa, fyaɗe, auren dole, garkuwa da mutane, kai hari makarantu da wuraren ibada, sa yara yaƙi. Ta ce mafi yawan ta'asar tasu ce. Sannan ta lissafa na jami'an tsaro: kisa, azabtarwa, fyaɗe, ɓatar da mutane, tsarewa ba bisa doka ba. Bangare biyu ta ambata, ku riƙe wannan.

7/ Abin da ya rage shi ne a je gaban alƙalan kotun a nemi izinin buɗe cikakken bincike. Shekara biyar ke nan ba a nema ba. Bensouda ta kawo uzurin ƙarancin kuɗi da ma'aikata, ta bar wa magajinta. Karim Khan ya zo Abuja a Afrilun 2022, aka gaisa, aka ɗauki hoto, aka ce za a ba hukumomin gida dama.

8/ To ga inda abin ke ƙona rai. A ranar nan ɗaya, 11 ga Disamban 2020, Bensouda ta faɗi irin wannan magana a kan Yukiren. Rana ɗaya fa. Ranar 2 ga Maris 2022 aka buɗe binciken Yukiren. Ranar 17 ga Maris 2023 sammacin Putin ya fito. Namu fayil ko motsi.

9/ Me ya bambanta su? Da Rasha ta afka wa Yukiren, ƙasashe 39 suka haɗa kai cikin 'yan kwanaki suka miƙa ƙarar, daga baya suka haura 40. In ƙasa memba ta miƙa ƙara, ba a jiran izinin alƙalai. Suka bi da kuɗi da ƙwararru. Matattun Borno ba su samu ƙasa ɗaya da ta tsaya musu ba. Har da tasu.

10/ Kafin nan Shekau ya mutu a Mayun 2021 ba tare da ya tsaya gaban wani alƙali ba. Shedu na mutuwa, wasu na warwatsuwa sansanin gudun hijira, waya na ɓacewa da hotunan da ke ciki. Duk shekarar da aka ƙara, shari'ar na ƙara wuya. Mai laifi ne kaɗai jinkiri ke yi wa aiki.

11/ Masu cewa kotun na da son kai, ban ce kun yi ƙarya ba. Kwana biyu kafin sanarwar Najeriya, Bensouda ta rufe fayil ɗin sojojin Birtaniya a Iraƙi, alhali ta amince akwai hujjar an ci zarafin fursunoni. A Satumban 2021 Khan ya ce a Afganistan zai mayar da hankali kan Taliban da IS, na Amurkawa ya koma baya.

12/ Amurka, Rasha da Chaina ba membobi ba ne, amma suna da kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, wanda ke da ikon tura wasu kotun. Kwamitin ya tura Darfur a 2005, ya tura Libiya a 2011. Da aka zo kan Siriya a 2014, Rasha da Chaina suka hau kujerar na-ƙi. Wanda ba a iya gurfanarwa shi ke zaɓen wanda za a gurfanar.

13/ Da kotun ta ɗaga ido sama kuwa, kun ga abin da ya biyo. Nuwamban 2024 ta fitar da sammacin Netanyahu da Gallant kan Gaza. Fabrairun 2025 Trump ya ƙaƙaba wa Khan takunkumi. A Yuni aka ƙara da alƙalai huɗu. Ɗaya daga ciki, Reine Alapini-Gansou, 'yar Benin ce. Maƙwabciyarmu ta tsallaken iyaka.

14/ Takunkumin Amurka ba wasa ba ne. Katin banki ya daina aiki, kamfanonin intanet su guje ka, tafiya ta zama wahala. Ana yi wa alƙali abin da ake yi wa dillalan ƙwaya, don kawai ya sa hannu a takarda. Saƙon a fili yake ga duk alƙalin da zai zo gaba: ka san wanda za ka taɓa.

15/ Kamu ma haka. Putin ya je Mongoliya a Satumban 2024, ƙasa memba, aka shimfiɗa masa jar darduma. Netanyahu ya je Hangari a Afrilun 2025, maimakon kamu sai gwamnatin can ta ce ita ce za ta bar kotun. Ka ga rashin hannun da nake faɗa.

16/ Amma kafin mu zagi Mongoliya mu waiwayi gida. Yulin 2013 Omar al-Bashir ya sauka Abuja taron Tarayyar Afirka, da sammaci biyu a kansa, na 2009 da na 2010. Mu membobi ne. Ba a kama shi ba. Da ƙungiyoyin farar hula suka garzaya kotu, sai ya tattara ya koma Khartoum tun taro bai ƙare ba.

17/ Kuma ba don ba mu iya ba ne. Charles Taylor ya zauna Kalaba tun 2003 a matsayin baƙon gwamnati, kotun musamman ta Saliyo na nemansa. Maris 2006 ya sulale, daidai lokacin da Obasanjo ke Washington zai gana da Bush. Ranar 29 ga wata aka damƙe shi a Gamboru Ngala, bakin iyakar Kamaru.

18/ A 2012 aka same shi da laifi, shekara 50, yana gidan yari a Ingila. Ƙasa ɗaya ce ta kama Taylor ta kuma saki al-Bashir. Doka ba ta canza ba tsakanin 2006 da 2013. Abin da ya canza shi ne wanda ke matsa wa Abuja lamba. Kotun duniya tana da ƙarfi ne daidai gwargwadon abin da gwamnati ta ga damar ara mata.

19/ Yanzu ga masu tafi. Ranar 22 ga Satumban 2025 Mali, Burkina Faso da Nijar suka ce sun fice daga kotun, wai makamin 'yan mulkin mallaka ce. Na ga yaran Arewa na ta murna, ana sa tuta ana cewa saura mu. Tambaya ɗaya nake da ita: wa ya samu sauƙi da wannan fita?

20/ Moura, tsakiyar Mali, Maris 2022. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da mayaƙan waje sun kashe mutum aƙalla 500. Nondin da Soro a Burkina, Fabrairun 2024, Human Rights Watch ta ƙirga farar hula 223. Talakawa ne irin namu, manoma da makiyaya.

21/ Gwamnatin da ake zargin sojojinta da wannan ita ce ta ce ta bar kotu don kare martabar Afirka. Wace martaba? Matar da aka kashe wa miji a Moura ba Bafaranshiya ba ce. An ba kura ajiyar nama, mu kuma muna gefe muna tafa mata.

22/ Su wa suka kai ƙarar Afirka tun farko? Yuganda da kanta. Kwango da kanta. Afirka ta Tsakiya da kanta. Mali da kanta, a Yulin 2012. Shugabanni sun so kotun lokacin da take farautar 'yan tawayensu. Ranar da ta fara kallon fadar gwamnati, ranar ta zama ta Turawa.

23/ Nijar ma tana cikin ƙasashe goma da suka miƙa takardunsu ranar 11 ga Afrilun 2002, waɗanda suka cika adadin 60 da ake buƙata kotun ta tsaya da ƙafarta. Kuma Nijar ce a 2015 ta miƙa Ahmad al-Faqi al-Mahdi, wanda ya jagoranci rusa hubbaren waliyyai a Timbuktu. Ya amsa laifi, aka ba shi shekara 9.

24/ Ga wanda ya shafe mu kai tsaye. A Yunin 2024 kotun ta bayyana sammacin Iyad Ag Ghaly, shugaban JNIM. Ƙungiyarsa ce ta ɗauki alhakin harin Afrilun 2025 a arewacin Benin, inda gwamnati ta ce sojoji 54 sun mutu. Jihar Alibori ke nan, wadda Segbana ke cikinta. Gemun maƙwabci ya kama wuta.

25/ A namu ɓangaren, Nuwamban 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera, ƙaramar hukumar Augie. Mutanen nan ba su san iyaka ba. Kotun Birnin Kebbi ba ta da iko a Dosso, ta Dosso ba ta da iko a Kandi. In kowace ƙasa ta janye daga duk wata shari'ar haɗin gwiwa, ɗan bindiga ne kaɗai ya rage mai fasfo na ƙasa uku.

26/ Kuma fita ba ta wanke baya. Sai shekara ɗaya bayan miƙa sanarwa take aiki, kuma laifin da aka yi lokacin ana memba yana nan. Filifin ta fice a 2019, amma a Maris 2025 aka kama tsohon shugabanta Duterte aka kai shi Hague. Ku lura: 'yan sandan ƙasarsa ne suka kama shi, bayan siyasar gida ta juya.

27/ Wani zai ce mu yi tamu ta Afirka. Madalla. An rubuta Yarjejeniyar Malabo tun 2014 don a ba kotun Afirka ikon shari'ar manyan laifuka. Ƙasa 15 ake buƙata su tabbatar, har yau ba ta fara aiki ba. Kuma a ciki shugabanni sun rubuta wa kansu kariya: ba a taɓa mai mulki da manyan jami'ansa suna kan kujera.

28/ To masu kiran ICC a kowane saƙo, ku ma ga naku. Ba kowane kisa ne ke shiga hurumin ta ba. Laifin yaƙi sai an nuna ana cikin rikicin makami. Cin zarafin bil'adama sai an nuna hari ne mai faɗi ko mai tsari kan farar hula, da manufar wata gwamnati ko ƙungiya a bayansa. Maudu'i mai tashe ba ya tabbatar da wannan.

29/ Ko ta karɓa, tafiyar hawainiya ce. Ali Kushayb, kwamandan Janjawid, laifukan 2003 da 2004 ne a Darfur, sai Oktoban 2025 aka same shi da laifi. Sama da shekara 20. Kuma mutum ɗaya ne. Kotun ba za ta taɓa gurfanar da ɗaruruwan da suka ƙona ƙauyukanmu ba. Manya ƙalilan take iya ɗauka.

30/ Shedu kuma su ne jinin shari'a. A Disamban 2014 aka janye tuhumar Uhuru Kenyatta, masu gabatar da ƙara na kukan shedu sun janye, gwamnati ta hana takardu. A 2019 aka wanke Laurent Gbagbo saboda hujja ba ta kai ba. Kotu a Holan ba za ta iya tsare mai sheda da ke kwana a Bama ba.

31/ Saboda haka maganar ta dawo gida. Shekara 24 da shigarmu, Majalisar Tarayya ba ta mayar da Yarjejeniyar Roma dokar ƙasa ba. Sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta aiki a kotunanmu sai majalisa ta yi haka. An sha kawo ƙudurin, yana mutuwa a hanya.

32/ Alhali ɗan Najeriya, Chile Eboe-Osuji, shi ne shugaban kotun daga 2018 zuwa 2021. Buhari da kansa ya je Hague a Yulin 2018 bikin cika shekara 20, ya yi jawabi yana yabon ta. A waje mu ne 'yan gaban goshi. A gida babu dokar da alƙali zai riƙe ya tuhumi mutum da cin zarafin bil'adama da sunansa.

33/ Me ya sa dokar ke da muhimmanci? Sashe na 28 na yarjejeniyar ya ce kwamanda na ɗaukar alhakin abin da yaransa suka yi, in ya sani ko ya kamata ya sani, bai hana ba bai hukunta ba. Wannan ne ke kai shari'a sama. In babu shi, kurtu ne kullum zai sha, mai ba da umarni ya yi ritaya da lambar yabo.

34/ Gwamnati na cewa ai muna shari'a. Gaskiya ne, tun Oktoban 2017 ake zaman shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin Wawa, Kainji, nan ƙasar Borgu kusa da mu. Amma yawancin tuhumar zama ɗan ƙungiya ce, ko kai musu kaya, ko ƙin kai rahoto. Ina shari'ar wanda ya tsara Chibok, Buni Yadi, Baga?

35/ Ɗaya ɓangaren fa? Amnesty a 2015 ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare hannun soja tun 2011. Zariya, Disamban 2015: kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna da kanta ta kafa ya tabbatar an binne 347 a rami ɗaya, ya ce a gurfanar da masu hannu. Shekara goma ke nan. Wa aka gurfanar?

36/ Na san me wasu za su rubuto: ai 'yan Shi'a ne, ai sun tare hanya. Ɗan'uwa, ba sai ka yarda da aƙidar mutum ba kafin ka yarda ba a binne shi a ramin taro ba shari'a. Ranar da ka halatta wa bindiga ta zaɓi wanda ya cancanci kotu, ka sa hannu a naka. Tudun Biri masu Mauludi ne.

37/ Wasu kuma za su ce kana karya gwiwar soja. Yaran da ke mutuwa a daji 'yan'uwanmu ne, wasunsu tare muka yi makaranta. Sojan da ya yi aikinsa da gaskiya ba ya tsoron bincike. Kuma ƙauyen da aka kashe wa mutane aka share maganar, gobe ba zai ba soja labarin inda ɓarayi suke ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

38/ In kuna son misalin da ya yi aiki, ku dubi Chadi. Hissène Habré ya yi mulki 1982 zuwa 1990, ya gudu Sanagal. Souleymane Guengueng, wanda ya fito daga kurkukunsa da rai, ya bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya yana rubuta bayanansu, ɗaruruwa, ya ɓoye takardun shekara da shekaru.

39/ Shi da lauya Jacqueline Moudeina da sauran waɗanda aka zalunta suka yi ta bibiya. Ranar 30 ga Mayun 2016 wata kotu ta musamman a Dakar, alƙalanta 'yan Afirka, ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai. Shekara 26 bayan faɗuwarsa. Abin da ya kai su can shi ne suna, rana, wuri, da mutanen da suka ƙi gajiya.

40/ Mu kuma me muke yi in an kai hari? Mu yaɗa bidiyon gawa, rabinsa ma na wata ƙasa ne ko na shekara uku baya, mu yi zagi kwana biyu, mu koma ƙwallo. Bidiyon ƙarya ɗaya ya isa lauyan mai laifi ya zubar da na gaskiya goma. Da hannunmu muke lalata shedar da za ta taimake mu.

41/ Ga abin da ɗalibi mai waya zai iya. Rubuta rana, lokaci, sunan gari, adadin da aka tabbatar, da wanda ya gani da idonsa. Ajiye asalin hoto ko bidiyo ba tare da an yanke ko an yi rubutu a kai ba. Kada ka wallafa fuska ko sunan mai sheda. A miƙa wa lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

42/ Na biyu, 2027 na tafe. Duk mai neman kujerar Bagudo da Suru, ko sanatan Kebbi ta Arewa, ko na mazaɓarku, a tambaye shi a bainar jama'a: za ka goyi bayan a mayar da Yarjejeniyar Roma doka? Za ka nemi a aiwatar da rahoton Zariya? In ya kauce, a ɗauka a ajiye. Shinkafa da atamfa ba amsa ba ce.

43/ Na uku, a ci gaba da matsa wa Hague ɗin ma. A Disamban 2024 Amnesty ta shigar da koke gaban alƙalan kotun a madadin waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya shafa, kan wannan jinkiri. Barazanar cewa wata rana za a iya buɗe fayil ɗin nan tana cikin abubuwa ƙalilan da ke sa Abuja ta ko motsa.

44/ Wannan ne ya sa nake adawa da fita. Kotun na da rauni, tana da son kai, manya na murɗe ta. Duk na yarda. Amma wanda ya fi kowa son mu fita shi ne wanda sunansa ke cikin fayil, ko ɗan ta'adda ne ko mai kaki. Ni dai ba zan taya shi kamfe kyauta ba.

45/ Mai hujja ya kawo, zan karanta. Mai zagi kuma ya haɗa da amsar tambaya ɗaya: in ba Hague, ba Malabo, ba doka a Abuja, uwar da aka kashe wa ɗa a Mera ko Moura wace ƙofa za ta buga? Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mana garuruwanmu. Ku tura wa wakilinku zaren nan.